Yadda ake tayar da fanel ɗin tsohon injin gem a ɗaki da kuɗi kaɗan

Tambaya: Na sayi tsohon injin gem irin na tsaye, wanda ake jefa wa kwandala, a hannun wani da ya rufe shagonsa. Gara ta cinye katakon, talabijin ɗin ciki ma ya mutu, amma an tabbatar mini fanel ɗin, wato allon da ke ɗauke da cif-cif ɗin wasan, yana aiki. A gefensa akwai haƙora a jere, 28 sama 28 ƙasa. Ina da fulasma a ɗaki da hannun gem na USB. Ta yaya zan haɗa su in riƙa bugawa ba tare da na kashe kuɗi da yawa ba?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da kake son haɗawa masu harkar suna kiransa supergun, kuma ba komai ba ne illa injin gem da aka raba da katakonsa: fawa mai ba fanel wuta, soket, wayoyi, hanyar hoto, hanyar sauti, sai maɓallai. Ana sayar da haɗaɗɗe, amma duk mai iya riƙe ayon da dalma zai haɗa nasa da kayan da yawancinsu suna nan zube a shagon mai gyaran rediyo. Ka yi rowa a ko'ina ka ga dama, ban da wajen wuta. Hoton da bai fita da kyau ba gobe ma za a gyara shi, maɓallin da ya ƙi aiki a canja shi, amma fanel ɗin da wuta ta ƙona sau da yawa ya tafi ke nan, domin wasu cif-cif ɗin da ke kansa kamfanin ya ƙera su ne don wannan wasan kaɗai, kuma an daina yin su tun tuni.

Haƙora 56 ɗin nan alama ce ta tsarin JAMMA, wanda ƙungiyar masu ƙera injinan wasa ta Japan ta fitar a tsakiyar shekarun 1980. Kafin nan kowane kamfani da irin nasa soket ɗin. Da aka daidaita, sai mai shago ya samu damar zare fanel ɗin wasan da ya daina kawo kuɗi ya soka wani a akwati ɗaya. Tazarar haƙoran milimita 3.96 ce, don haka in za ka sayi soket ka nemi mai wannan awon, zai fi kyau ma ka samu wanda ya zo da damin wayoyinsa. In na cikin tsohon injin bai ruɓe ba, shi za ka yanko, ka huta da saye.

Sai dai yawan haƙora kaɗai ba hujja ba ce. Fanel-fanel ɗin Sega na System 16, irin su Shinobi da Golden Axe, su ma haƙora 56 gare su, amma jerin aikinsu daban ne, kuma in ka soka musu soket ɗin JAMMA wuta za ta bi inda bai kamata ba. Saboda haka ka ɗauki mita, ka sa ta a wajen da take ƙara in wayoyi biyu sun haɗu. Ka riƙe fanel ɗin ta fuskar da cif-cif suke. Haƙori na 1 da na 2, da na 27 da na 28, duk GND ne, wato layin ƙasa na wuta, dole su yi ƙara tsakaninsu. Na 3 da na 4 su ne 5V. Ka nemi wani ƙaramin cif mai lamba 74LS mai ƙafa 14: a yawancinsu ƙafa ta 14 za ta yi ƙara da haƙori na 3, ta 7 kuma da haƙori na 1. Na 5 shi ne -5V, na 6 kuma 12V. A na 7 za ka ga tsaga a jikin fanel ɗin. In duk wannan ya yi daidai, JAMMA ke hannunka.

Tsagar nan ta haƙori na 7 ba ado ba ce. Akwai ɗan roba da ake sokawa a soket a daidai wurin don kada a taɓa juya shi, kuma yawancin soket masu arha ba sa zuwa da shi. In aka juya soket, 12V na faɗawa ne a layin maɓalli na biyu, ya wuce kai tsaye cikin cif ɗin da bai san komai ba sai 5V. Ka yanki tsohon katin waya ko na banki ka cusa a gurbin, ka liƙe, sannan ka rubuta “sama” da maka a fuskar soket ɗin. Wannan aikin minti biyu ne, kuma ya fi duk wani abin da za ka saya amfani.

Yanzu wuta. Kusan duk ƙwaƙwalwar fanel ɗin a kan 5V take, 12V kuma yawanci na amfilifayar sauti ne. Hanya mafi arha ita ce fawar tsohuwar kwamfutar tebur, irin ta ATX. Jar waya 5V, rawaya 12V, baƙa GND, kuma ba za ta tashi ba sai ka haɗa koriyar waya da baƙa, to a nan za ka sa makunni. Tana aiki, na ga an yi shekaru ana amfani da ita. Aibinta biyu ne. Ba ta da wurin ƙara ko rage 5V, kuma tun farkon shekarun 2000 aka daina sa farar waya mai -5V. Wasanni da yawa ba su damu da -5V ba, amma wasu, kamar Mortal Kombat na Midway, sautinsu ba ya fita daidai in babu shi. In naka na buƙata, ka ɗauki shuɗiyar waya mai -12V ka bi da ita ta regileta mai lamba 7905, za ta ba ka -5V.

In aljihu zai iya, ni na fi son fawar da aka yi don wannan aikin, mai ɗan sukurun daidaita 5V, ko ta Mean Well irin RT-85A ko RT-125A da ke ba da layukan uku duka. In za ka yi amfani da wadda ka tarar a cikin injin, karanta jikinta tukuna. Injinan Japan a kan 100V suke, na Amurka 120V, wutarmu kuwa 230V ce. Wata tana da ɗan makunnin 110 da 220, wata kuma taransifoma ce a gindin akwatin take rage mata wuta, kai ba ka sani ba ka jefar da taransifomar tare da ruɓaɓɓen katako.

Abin da mutane ke yawan kuskurewa shi ne wurin awo. Ba a bakin fawa ake auna 5V ba, a kan fanel ake aunawa, yana kunne. Siririyar waya tana shan wuta a hanya, sai ka ga 5.1 a fawa amma 4.7 a fanel, wasa ya riƙa mutuwa yana tashi, ko hotuna su riƙa wargajewa, mutum ya ɗauka fanel ne ya lalace. Ka yi amfani da waya mai kauri kuma gajera, ka cika duk haƙoran 5V guda huɗu na sama da ƙasa, da na GND duka. Abin nema shi ne 5.0 zuwa 5.1 a kan fanel. Kada ya haura 5.25. Ka gwada fawar ita kaɗai da mita kafin ta taɓa fanel, ka sa fis a layin 5V da na 12V. Kuma kada ka bar kayan a jone in an ɗauke wuta, domin dawowarta da ƙarfi ko canjin layi zuwa janareta shi ne lokacin da fawa mai arha ke nuna halinta. In kana da inbata mai kyau ko sitabilaiza, ta nan za ka bi.

Hoto shi ne inda fulasmarka za ta ba ka wahala. Fanel ɗin yana fitar da launuka uku a rarrabe: ja a haƙori na 12, shuɗi a na 13, kore a bayan na 12, sai layin sync, wanda ke gaya wa talabijin inda kowane layi da kowane hoto ya fara, a bayan na 13. GND ɗin hoto na 14 ne. Saurin layukan kusan 15.7 kHz ne, irin na tsohon talabijin, hoton kuma ƙarami ne: na Capcom 384 a 224, na Neo Geo na kamfanin SNK 320 a 224. Allon kwamfuta mai VGA yana neman 31 kHz zuwa sama, shi ya sa in ka liƙa wayoyin kai tsaye a VGA yawanci ba abin da za ka gani sai saƙon cewa siginar ba ta dace ba.

Hanyar da ta fi arha ita ce kuma ta fi kyau, abin da ba kasafai yake faruwa ba: tsohon talabijin mai ƙeya, ɗan gwanjon Turai, mai soket ɗin SCART a baya, wato faffaɗan soket ɗin nan mai ƙafa 21. Faransa ta wajabta shi a talabijin a 1980, a can ana kiransa Péritel, kuma a kayan gwanjon da aka shigo da su daga Turai ba ya wuyar samu. Yanzu da kowa ya koma fulasma, masu gyara na neman wanda zai rage musu su. SCART na karɓar ja, kore da shuɗi a 15 kHz yadda suke, babu na'urar da za ta shiga tsakani, babu jinkiri ko kaɗan, kuma hoton da masu zanen wasan suka gani ke nan lokacin da suke zana shi. Ka lura da abu biyu wajen saye: in soket biyu ne, galibi na farko, AV1, shi ke karɓar RGB, wato ja, kore da shuɗi a rarrabe, sannan talabijin ɗin ya zama yana ɗaukar 60 Hz, wato hoto 60 a sakan ɗaya, wanda yawancin na shekarun 1990 zuwa sama suna yi.

Haɗin kuwa ga shi. Ja zuwa ƙafa ta 15, kore ta 11, shuɗi ta 7, sync ta 20. Amma ba kai tsaye ba. Talabijin na jiran 0.7V a kowane launi, fanel kuma yana turo ninkin haka sau da yawa domin allon injin gem aka yi shi. In ba ka rage ba, hoto zai yi fari fat, launuka su cakuɗe, a hankali kuma ka gajiyar da talabijin ɗin. Ka sa razista ta kusan ohm 220 a kan kowane launi, ko mafi kyau, boliyum uku na 1k, domin kowane fanel da ƙarfin hotonsa. Sync na fitowa da kusan 5V, shi ma a sa masa razista tsakanin ohm 470 da 1k. Sai abin da ke sa mutane su yi ta zagin talabijin ba laifinsa: ƙafa ta 16 tana buƙatar 1V zuwa 3V kafin talabijin ya yarda ya koma RGB. Ka ɗauko 5V ta razistar ohm 180 ka kai mata, za ta samu kusan 1.5V. In ba haka ba za ka samu baƙin allo alhali komai na aiki. In ka kai 12V ƙafa ta 8, talabijin zai shiga AV da kansa, abin da ke da amfani in babu rimot, kuma da wuya tsohon talabijin ya zo da rimot ɗinsa.

In ba a samu mai SCART ba, akwai masu ƙeya da ke da ramuka uku, kore, shuɗi da ja, na DVD. Da ƙaramar na'urar da ke mayar da RGB zuwa YPbPr, wato siginar da ramukan nan ke karɓa, hoton zai kusan kai na SCART. Ƙarshen zaɓi shi ne rawayar wayar AV ta hanyar cif irin AD725. Yana aiki, amma rubutu zai yi dishi-dishi, kuma in talabijin ba ya karɓar NTSC, tsarin launi na Amurka da Japan, za ka samu hoto baƙi da fari.

Idan kuwa dole sai fulasma, to ka nemi GBS-8200, wani ɗan fanel na China da ke karɓar 15 kHz ya fitar da VGA, daga nan ka ƙara ɗan abin da ke mayar da VGA zuwa HDMI in fulasmar ba ta da VGA. Yadda yake fitowa daga kamfani ba wani abin yabo ba ne: yana ɗaukar hoton wasa kamar na tashar talabijin, sai abu ya riƙa ɓurɓushi in yana motsi, ga ɗan jinkiri. Amma akwai manhajar kyauta mai suna GBS-Control da ake ɗorawa a kan wani ɗan ƙaramin fanel mai suna ESP8266, a liƙa shi da 'yan wayoyi a jikin GBS ɗin, sai ya zama wani abu daban. A kuɗinsa ban san abin da ya kai shi ba. OSSC da RetroTINK, masu irin wannan aikin, sun fi shi, amma kuɗinsu zai iya fin abin da ka biya injin gaba ɗaya. Wanda zan hana ka shi ne ƙananan akwatunan SCART zuwa HDMI masu arhar banza. Da yawansu ba sa ma karanta RGB, waɗanda ke karantawa kuma jinkirinsu ya isa ya ɓata wasan faɗa. Hoto ɗaya a 60 Hz kusan milisakan 17 ne, in aka tara maka huɗu ko biyar, za ka danna tsalle bayan an riga an buge ka. A fulasmar kanta ka kunna Game Mode, ka mayar da hoto 4:3, kada a miƙe mutane su yi faɗi.

Akwai wani abin da fulasma ba ta yafewa. Wasannin nan ba 60 Hz cif suke ba. Neo Geo 59.18 ne, fanel-fanel ɗin CPS na Capcom kusan 59.6, R-Type da Mortal Kombat kuwa wajen 55 suke. Mai ƙeya yakan bi su, ko ka ɗan murɗa masa, fulasma kuwa wata sai ta ƙi nunawa sam. Haka kuma in wasanka na jirgin sama ne irin Raiden, allonsa a tsaye yake, sai an kwantar da talabijin a gefensa. In mai ƙeya ne, kashe shi ka juya, ka bar shi ya huce kafin ka kunna, don launukan su daidaita. Shi kuma mataccen allon cikin injin, kada ka sa hannu a bayansa. Kwalbar tana aiki da fiye da bolt dubu 20 kuma tana riƙe caji bayan an kashe, ka bar wa mai gyaran talabijin.

Sauti ba shi da wuya, tarko ɗaya ne a ciki. Abin da ke fita a haƙori na 10 da na bayansa sauti ne da aka riga aka ƙara wa ƙarfi, na sifika ce kai tsaye. Ka samo sifikar ohm 8 daga tsohuwar rediyo ko ta cikin injin, ka jona, shi ke nan, boliyum na kan fanel. Kada ka kai shi ramin sautin talabijin ko na amfilifaya, kuma kada ka haɗa wayar sifika ta biyu da GND, domin a fanel da yawa duka wayoyin biyu masu rai ne, in ka kai ɗaya ƙasa cif ɗin sauti zai ƙone. In lallai kana son sauti ya fito ta talabijin, masu haɗa kiɗan mota suna sayar da ɗan akwatin da ke rage sautin sifika zuwa na RCA, ka nemi mai taransifoma a ciki.

Batun hannun gem ɗinka na USB, ajiye shi tukuna. A JAMMA kowane maɓalli waya ɗaya ce da ake taɓawa da GND, babu wata ƙwaƙwalwa a tsakani. Haƙori na 16 kwandala, 17 farawa, 18 sama, 19 ƙasa, 20 hagu, 21 dama, 22 zuwa 24 maɓallai uku, na ɗan wasa na biyu kuma suna bayansu daidai. Kana iya gwadawa da guntuwar waya: kai ɗaya a GND, ka taɓa na 16, za ka ji ƙarar shigar kwandala. Don haka mafi sauƙi shi ne ka ciro sandar da maɓallan tsohon injin, ka kai wa kafinta ya yi maka ɗan akwati ya huda ramuka. Maɓallan Japan irin na Sanwa da Seimitsu ramin milimita 30 suke so, na Amurka 28. Waya ɗaya ta GND ta zagaye duk makunnan, kowanne kuma da tasa wayar zuwa soket. In wani ya ƙi dannuwa, ɗan makunnin da ke ƙarƙashinsa kawai za a canja. Ka ƙara maɓalli na kwandala da na gwaji a haƙori na 15.

Kada a sayar maka da ɗan fanel ɗin nan da ake kira Zero Delay a ce zai yi. Shi aikinsa mayar da maɓallai zuwa USB don kwamfuta, kai kuma akasin haka kake nema. Masu mayar da USB zuwa wayoyin JAMMA suna nan, amma ƙarin kuɗi ne, sai dai daga baya.

In wasan Street Fighter II ne ko danginsa masu maɓalli shida, naushi uku ne kaɗai ke bi ta JAMMA. Harbin ƙafa uku suna da nasu ƙaramin soket a kan fanel, mai ƙafa 10 a CPS-1, mai 34 a CPS-2. Neo Geo na sa maɓalli na huɗu a haƙori na 25, kuma masu ɗaukar kaset da yawa jerinsu ya ɗan bambanta a wajen sauti da maɓallin gwaji, sai ka duba lambar naka. Idan kuma ka buɗe ka tarar ɗan akwatin roba ne na China mai ɗaruruwan wasanni, irin Pandora's Box, to aikinka ya ragu, domin galibinsu suna da VGA ko HDMI a jiki. Sai dai su suna mayar da haƙori na 27 maɓalli na shida, alhali a JAMMA na asali GND ne, don haka da damin wayoyi na asali za ka ga maɓallin kamar an danne shi har abada, sai ka cire wannan wayar.

Kafin kunnawar farko, goge haƙoran da abin goge fensir har su yi ƙyalli, ka bi da sifirit. Ka ɗora fanel a kan katako ko ƙafafun roba, ba a kan ƙarfe ko kafet ba. Da hunturu, lokacin da riga ke yin tartsatsi in an cire ta, ka taɓa ƙarfen ƙofa kafin ka taɓa fanel, kuma ka riƙe shi ta gefe. Ka duba ko akwai batir a kansa. Na Neo Geo da na PGM, fanel ɗin kamfanin IGS, sukan yi yoyo su cinye layukan da ke kusa, in ka ga kore-kore ko farin gari a gindinsa cire shi yau, wasan zai tashi ba shi. Na CPS-2 kuwa labarinsa daban ne: shi ke riƙe da makullin sirrin wasan, in ka zare shi haka kawai fanel zai daina tashi. Tun 2016 an gano yadda ake mayar da makullin, amma aiki ne na daban, don haka irin wannan sai ka tanadi sabon batir a hannu ka canja cikin hanzari. Ka kunna da mita a kan 5V, yatsa a kan makunni. In lamba ta faɗi ƙasa sosai ko ka ji ƙauri, kashe nan take. In ta tsaya a 5, danna maɓallin gwaji, za ka samu allon launuka da za ka daidaita boliyum ukun nan da shi, da shafin da ke nuna kowane maɓalli in ka danna, kuma a wasanni da yawa nan ne ko a ƙananan makunnan kan fanel za ka sa wasa ya zama kyauta ba sai da kwandala ba.